'Yar Ƙugiyar da ke Allon Santa Rita

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, mun baza kunnuwa.

A wani ƙauye na bakin teku a tsibirin Savai'i na ƙasar Samowa akwai makarantar 'yan Katolika da ake kira Santa Rita, daga aji ɗaya zuwa aji takwas. Ba ta gwamnati ba ce, ta coci ce da iyayen yara. A saman ƙofar shigarta akwai wani tsohon allon katako da gishirin teku ya cinye wa gefe, an rubuta masa da farin fenti: O KERISO O LE 'ULU O LENEI A'OGA. Abin da aka so a faɗa shi ne, Almasihu ne kan wannan makaranta. To amma a bakin mutanen Samowa ulu shi ne kai, in kuwa aka maƙala masa 'yar ƙugiya a gaba ya zama 'ulu, an bar maganar kai an koma maganar ciki, don 'ulu shi ne ɗan itacen nan kore mai girman kan jariri, wanda ake gasawa a ci da madarar kwakwa safe da yamma. Allon Santa Rita kuwa da ƙugiyarsa. Shekara sittin ke nan yana shaida wa duk mai wucewa cewa Almasihu ne 'ulun wannan makaranta.

Kowa a ƙauyen ya san mai kuskuren, ko in ce yana tsammanin ya sani. Sista Filomena ce, mai hidimar coci, Baturiyar da ta sauko daga jirgin ruwa da akwati ɗaya da lema, ta fara karantar da yara ashirin da uku a ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa. Ta daɗe da rasuwa, kabarinta na bayan coci, amma labarin harshenta bai rasu ba. In mutum ya yi tuntuɓen baki sai a ce ya yi irin ta Sista. In 'yan Santa Rita suka je wasan ƙwallo wani ƙauye, tun ba su sauko daga mota ba ake tarbarsu da waƙa, wai ga 'ya'yan 'ulu sun iso, a hura wuta. Su ma sun saba, sukan amsa da cewa a hura ɗin, a ga wanda zai ƙone.

Mutum ɗaya ce a duniya ta san ba Sista ce ta sa ƙugiyar ba. Sunanta Akenese, shekararta sittin da tara, kuma ita ce ta sa.

Akenese na cikin yaran nan ashirin da uku na farko. Ta yi aure, ta haifi shida, ta binne miji, sannan ta dawo makarantar ta kama ɗakin girki, yau shekara ashirin da 'yan kai. Daga bakin ƙofar ɗakin nata tana ganin komai. Tun rana ba ta yi zafi ba yara sun cika fili da tsintsiyar kwakwa suna tsince ganye, 'yan mata da shuɗin siket, maza da shuɗin zane ɗaure a ƙugu, wasu takalman a hannu don kada raɓa ta ɓata su. Sai a buga tsohuwar tukunyar gas da ke rataye a jikin mangwaro, wadda ita ce ƙararrawarsu, a yi layi, a yi addu'a, a rera waƙar da har masunta a cikin kwale-kwale kan juyo su saurara. Kafin a gama, gidan da ke da girki a ranar ya aiko da kaya a kwandon ganye, gwaza ne, ɗanyar ayaba ce, kifi ne, 'ulu ne in lokacinsa ne. Gida-gida ake bi, ba a tsallake kowa, mai ɗa a makarantar da marar ɗa. Tun da aka fara haka ba a taɓa ranar da ɗan Santa Rita ya koma aji bayan azahar da cikinsa wayam ba.

Shugaban makarantar sabo ne, ana kiransa Lafaele. A ƙauyen aka haife shi, amma a birnin Okland, can ƙetare, ya girma, ya dawo irin mutanen nan da suka yi nesa da gida, suna riƙe da harshen iyaye da hannu bibbiyu don kada ya sake zame musu. Kullum da jan biro a aljihunsa. Mutumin kirki ne, sai dai harafi ɗaya in ya karkace ba ya samun sukuni.

Ranar Litinin bayan addu'ar safe ya hau baranda ya ce ranar Asabar makaranta za ta yi bikin cika shekara sittin, baƙi za su zo daga Apia, babban birnin ƙasar, har da tsofaffin ɗalibai daga ƙetare. Kwamitin iyaye ya yarda a gyara allon ƙofa. Ranar Juma'a mai fenti zai zo ya shafe ƙugiyar, ya sabunta sauran haruffan. 'Yan aji bakwai kuma za su yi wasan kwaikwayo a kan yadda Sista ta yi kuskuren, a yi dariyar ƙarshe, a rufe maganar.

Yara suka tafa. Akenese kuwa ta tsaya da rabin kwakwa a hannu, ta rasa abin da ta ɗauko ta yi da shi.

Abokiyar girkinta Velonika, wadda suka fara aji ɗaya tare, tana zaune a kan kututture tana kankare gwaza da gindin gwangwani. Ta ce, "Kin ji ko, tsohuwa? Sai da aka kawo ɗan Okland sannan aka ga ƙugiya. Mu da muka shekara sittin muna wucewa ƙarƙashinta makafi ne."

"Wace ce tsohuwar? Ke kika ba ni wata uku."

"Wata ukun nan ne hankalin da na fi ki."

"Ke da sai aji huɗu kika iya haɗa baƙi, ina za ki ga ƙugiya."

"Aji uku. Kuma ni na riƙa raɗa miki amsar lissafi har muka fita, mai mantuwar alheri."

Akenese ta juya wajen murhu tana goge ido. Velonika ta ɗago, don tun suna yara ba ta taɓa jin Akenese ta bar mata maganar ƙarshe ba.

"Lafiya? Ko haƙorin nan ne ya tashi?"

"Hayaƙi ne ya shiga mini ido."

"Ba a hura wutar ba tukuna."

"To kamar an hura. Kankare gwazarki."

Ga yadda abin ya faru. A shekarar farko ta makarantar aka yi babbar guguwar teku. Ta kwana ta wuni, da ta lafa babu itacen 'ulu ɗaya a tsaye, ayaba ta kwanta, ruwan gishiri ya ruɓar da gwaza. Yunwa ta shigo ta zauna. Yara ashirin da uku suka koma tara, don wanda bai karya ba ba ya iya takowa makaranta, wanda ya iya kuma an tura shi bakin teku tsintar abin da za a dafa. Manyan Sista a Apia suka aiko mata da takarda cewa in yara ba su dawo ba zuwa bikin Ista, ta rufe ta taho. Ita kuwa maimakon ta ɗaure akwati, sai ta samo katako daga wani jirgin da guguwar ta farfasa, da ragowar farin fenti a gwangwani, ta ce za ta yi wa makaranta allo, don abin da ke da allo ba ya kama da abin da zai tashi gobe.

Da safiyar ranar, a darasin addini, ta karanta musu inda Ubangiji ya ce shi ne gurasar rai. Gurasa a lokacin abin kantin Apia ce, yaran sun ji sunanta, ba su san ɗanɗanonta ba. Akenese, 'yar shekara tara, wadda ta fi kowa karatu da tambaya, ta ɗaga hannu ta ce mece ce gurasa. Sista ta yi tunani, ta ce abin da mutanen can ke ci kullum su rayu, kamar dai 'ulu a wurinku.

Da rana ta yi tsaka Sista ta gama rubutun, ta kwantar da allon a ciyawa ya bushe, ta tafi addu'arta. Akenese ta zo ta karanta. Ta ga ulu tsirara, babu ƙugiya. Ta san Turawa ba sa jin ɗan tsaikon nan na maƙogwaro, kullum sai sun haɗiye shi, ga shi kuma da safen nan Sista da bakinta ta ce Ubangiji kamar 'ulu yake. Sai ta ga ai mantuwa ce, kuma gara a rufa wa Sista asiri tun manya ba su gani ba. Ta tsoma ɗan yatsa a gwangwanin, ta ɗiga ƙugiyar a wurinta, ta koma gida tana jin ta yi aikin lada.

Washegari da aka kafa allon, katikis ɗin ƙauye, mai koyar da addini a coci, ya karanta, ya sake karantawa, ya nufi wurin matai, wato masu riƙe da sarautun gidaje. Kafin la'asar an tara mutane a zauren taro, an zaunar da yaran nan tara a gaba. Katikis ya ce wani ya yi ba'a da sunan Ubangiji, kuma hannun da ya sa ƙugiyar ba hannun da ya yi sauran rubutun ba ne. Hukuncin irin wannan kowa ya san shi: gidan mai laifi ya kawo alade, ya kuma ɗauki kunyar har jikoki. Uban Akenese alade ɗaya guguwa ta bar masa, mace, mai ciki. Akenese ta zauna a kan hannunta na dama, don fentin ya ƙi fita daga ƙarƙashin farce.

Sai Sista Filomena ta miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban matai, amma da yake baƙuwa ce aka ƙyale ta. Ta ce da guntun yarensu da ta iya, "Ni na rubuta. Duka ni. Kaina yana tunanin abinci."

Sai wani tsoho ya fashe da dariya, zaure ya ɗauka. Mutanen da suka yi wata biyu ba su yi dariya ba suka yi har da hawaye. Aka tashi ba a ci kowa tara ba. Washegari aka fara kawo wa makaranta abinci, yara suka dawo ɗaya bayan ɗaya, Ista ta zo ta wuce Sista ba ta ɗaure akwati ba. Allon kuwa duk lokacin da aka ce a gyara sai ta ce a bar shi, yana tuna mata ta riƙa tambaya kafin ta rubuta.

An ce ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba, kuma Akenese ta riƙe nata. Da fari tsoro ne. Daga baya ta auri ɗan katikis ɗin nan, maganar ta ƙara nauyi. Sannan Sista ta rasu, kunyar ta sake kama: ta tashi daga ta yarinyar da ta taɓa fenti, ta koma ta matar da ta zauna tana ji ana yi wa wadda ta cece ta dariya, wani lokaci ma ta taya don kada a gane. Abin da ke kwantar mata da rai guda ɗaya ne, allon. Kullum da safe in ta wuce ƙarƙashinsa takan ɗaga kai ta ce na gode a zuci. In aka shafe ƙugiyar, babu sauran abin da ya rage na wannan alheri sai labarin Baturiyar da ba ta iya magana ba.

Litinin ta wuce, Talata ta wuce, tana cewa gobe. Ranar Laraba ta ɗauko kwanon ayaba za ta ratsa fili, ta tarar da 'yan aji bakwai suna gwajin wasansu a ƙarƙashin mangwaro. Mai fitowa a Sista jikarta ce, Sapina, ta yafa farin tawul a ka, tana magana ta hanci, tana shafa wa bango fenti da tsintsiya tana lashe baki tana shafa ciki. Yara har da masu birgima a ƙasa. Yarinyar ta iya, abin da ya fi ciwo ke nan, har yadda Sista ke karkata kai ta kwaikwayo, ita da ba ta taɓa ganinta ba. A wurin wa ta koya? A wurin kakarta.

Akenese ta ajiye kwanon a baranda ta wuce ofis.

"Susuga," ta ce, don haka ake girmama malami ko da kai ka yi masa wankan jarirai.

"Tina, shigo," in ji Lafaele, ya kira ta uwa yadda ake kiran kowace dattijuwa. Ya tashi ya ba ta kujerarsa. "Gishiri ne ya ƙare?"

"Allon nan. A bar shi."

Ya yi murmushi. "Ke ce ta huɗu yau. Tina, jiya na ja wa wani ɗan aji biyar jan biro don ya bar ƙugiya inda ya kamata ya sa. Kin san abin da ya ce mini? Wai ai ta ƙofa ta yi yawa, a ɗauko ta a cike masa. Yaya zan koyar da rubutu daidai a cikin gida, ƙofar gidan na ƙaryata ni? Ga baƙi suna tsayawa suna ɗaukar hoto suna dariya. Sista ta yi mana komai, ba ta cancanci a riƙa tunawa da ita da kuskurenta ba."

"Ba kuskurenta ba ne."

"Na sani, harshe ne mai wuya ga baƙo."

"Ɗan Kalala," ta kira shi da sunan uwarsa, "rufe bakinka ka buɗe kunne. Na ce ba nata ba ne."

Ta faɗa masa, tun daga gurasa har zuwa aladen babanta. Ba ta dube shi ba, tagar take kallo. Da ta gama ya daɗe yana juya jan bironsa a kan tebur.

"Wa ya sani?"

"Ni da ita. Yanzu da kai."

"Ni na yarda, Tina. Wasan kwaikwayon a hannuna yake, yau ɗin nan zan iya hana shi, in ce lokaci ya ƙure, ba wanda zai tambaya. Amma allon ba ya hannuna, kwamiti ne ya yanke, ni ma na matsa musu. In na koma na ce a fasa ba dalili, za su ce ɗan Okland ya ji tsoron tsofaffi. Gobe da la'asar suna zama. Sai dai su ji daga bakinki."

"Ka san gidan da na yi aure?"

"Na sani."

"Ƙanin mijina yana cikin kwamitin. Ubansu ne ya kai ƙarar."

"Na sani. In ba za ki iya ba, abin da kika faɗa mini ba zai fita daga ɗakin nan ba."

Ta tashi, ta gyara zanenta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Gishirin ma ya ƙare."

Hanya mai sauƙi ta samu ke nan: a fasa wasa, a shafe ƙugiya, ita ta mutu da mutuncinta. Ta auna ta ranar nan, ta auna ta washegari tana gasa 'ulu, har ta bar guda biyu suka ƙone, Velonika ta ce in miji take tunani ta faɗa a nemo mata. Amma duk yadda ta juya, sai ta ga in an bi hanyar nan ita an rufa mata asiri karo na biyu, Sista kuwa tana nan a matsayin wadda aka gyara wa kuskure.

Rana ba ta ƙarya. Alhamis da la'asar kwamiti ya zauna a zauren taro, wanda ba shi da bango sai ginshiƙai, iskar teku na shiga ta ko'ina. Matai kowa ya jingina da ginshiƙinsa, iyaye mata a baya, tsoho Setefano, shugaban kwamitin, a gaba. An gama maganar aladu nawa za a gasa da wanda zai tarbi baƙi, Lafaele ya ce Tina Akenese na da magana. Ta matso da gwiwa zuwa bakin tabarma, ta naɗe ƙafa, ta yi gaisuwar manya ɗaya bayan ɗaya yadda aka saba, ta ja ta fiye da yadda ake ja, don dai ta jinkirta. Da gaisuwa ta ƙare babu sauran wurin ɓuya.

"Ƙugiyar da za a shafe gobe," ta ce, "ba Sista Filomena ce ta sa ba. Ni na sa, da wannan yatsan."

Ta ba su labarin kamar yadda ta ba Lafaele. Sannan ta ƙara abin da ba ta faɗa masa ba. Ta ce bayan an tashi daga taron ranar, Sista ta kama hannunta ta kai ta bayan aji, ta jiƙa tsumma da kananzir ɗin fitilarta, ta goge mata farcen tas. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce mata, kin ji darasi da kyau, amma kada ki gaya wa kowa sai kin girma.

"Na ci abincin makarantar nan, 'ya'yana sun ci, jikokina suna ci," in ji Akenese. "Aladen babanmu ta haifi tara, da su aka raine mu har gwaza ta dawo. Matar nan ta ɗauki dariyar ƙauye guda ta ɗora a kanta saboda ni, ni kuma na bar ta da ita har kabari. Ban zo neman a ce ban yi laifi ba. Na zo roƙo a bar allon, kuma in za a yi dariya daga yau, a yi da ni."

Ƙanin mijinta ya kafe tabarma da ido, ya ce, "Ubanmu ya ce hannun ba ɗaya ba ne. Aka mayar da shi mai neman fitina. Ya mutu kina zuba masa abinci, ba ki ce masa ya yi gaskiya ba."

"Haka ne," ta ce. "Ya yi gaskiya. Shi ma na ci hakkinsa."

Sai muryar Velonika daga baya.

"Wai sai kin girma ta ce?"

"Haka ta ce."

"Shekara sittin da tara. To barka da girma, 'yar nan. Mu har mun fid da rai."

Wata mata ta toshe baki da zane, dariyar ta kufce mata ta hanci, sauran suka bi. Akenese kanta ta yi, hawaye na zuba. Ƙanin mijinta ne kaɗai bai yi ba.

Setefano ya bari aka lafa, sannan ya yi gyaran murya. Ya ce shi ma yana da rabin labari, bai taɓa sanin rabi ba ne sai yau. Lokacin guguwar yana ɗan shekara goma sha biyu, shi ke zuba wa kakansa ruwan wanke hannu. Gidajen manya a lokacin kowa na da ramin masi, wato 'ulun da ake binnewa a cikin ganye tun shekarar yalwa, ya yi tsami ya daɗe bai lalace ba. Kowa ya ɓoye nasa, yana ɗiba a sace, yana cewa maƙwabci ba shi da komai. Da aka dawo daga taron nan kakansa ya ƙi cin abinci. Ya ce baƙuwar da ta bar ƙasarta don 'ya'yanmu yunwa ta kai ta ga rubuta abinci a jikin allo, mu kuma muna zaune a kan ramuka muna dariya. Washegari ya buɗe raminsa da rana tsaka kowa na gani, ya aika makaranta. Kunya ta sa sauran suka buɗe nasu. Daga nan aka fara bin gida-gida.

"Abin da kike dafawa kullum, Akenese, daga nan ya samo asali," in ji shi. "Da ba a sa ƙugiyar ba, da ba a yi taron ba. Da matar nan ba ta tashi ta ce ita ce ba, da alade ɗaya muka ci a rana ɗaya, makaranta ta rufe."

Akenese ba ta taɓa sanin wannan ba. Shekara ashirin tana karɓar kwandunan nan tana zaton al'ada ce kawai da aka tarar. Ta sunkuyar da kai.

Wata matashiyar uwa ta ce duk ta ji, amma ɗanta ne ake tsokana a filin ƙwallo, labari kuma ba ya bin yaro cikin mota. Setefano ya juya wajen Lafaele ya ce shi ya kawo maganar gyara, shi zai ce.

Lafaele ya ce, "Ni kuskure na ce a gyara. Na duba, ban ga kuskure ba. Yarinya ta ji darasi ta rubuta abin da ta ji. Yaron da aka tsokana kuma, aikina ne in koya masa abin da zai amsa. Amma a gaya wa 'yan aji biyar, ƙugiyar ƙofa ba ta aro ba ce."

Aka tashi a kan a bar allon yadda yake.

Ranar Juma'a mai fenti ya zo ya bi haruffan duka, har da ƙugiyar. Da yake gwani ne ya fitar da ita sambal, mai kyau kamar ta littafi. Akenese ta fito da ludayi a hannu ta duba, ta ce ya ɓata ta, tata ta fi kauri kuma ta ɗan karkata. Ya ce in tana so ta hau tsanin da kanta. Ta ce ba da ita ba, ta koma wurin tukunyarta.

Wasan kwaikwayon ba a fasa shi ba, 'yan aji bakwai suka sake masa fasali cikin yini ɗaya. Sapina ta fito a Sista da tawul ɗinta, amma ta bar maganar hanci. Da ta miƙe ta ce kaina yana tunanin abinci, mutane suka yi dariya a daidai inda aka saba yi, sai dai tsofaffin ɗaliban da suka zo daga ƙetare da yawansu suna yi suna share ido. Bayan Misa, wato babbar addu'ar coci, aka zagaya bayan coci gaba ɗaya, yara da manya, aka rera wa Sista Filomena waƙar safe ta makaranta a bakin kabarinta, sannan aka zauna cin abinci.

Ƙanin mijin Akenese wata biyu bai yi mata magana ba, sai ranar Kirsimeti ya aiko mata da cinyar alade, ita kuma ta je ta share kabarin ubansu. Setefano ya rasu shekarar da ta biyo baya. Sapina ta gama aji takwas ta tafi sakandare a Apia. Velonika ta bar girki saboda ciwon gwiwa, amma takan zo ta zauna a kan kututturenta ta ce wuta ta yi yawa. Lafaele yana nan yana shugabanci da jan bironsa. Akenese ta ƙara shekara uku a ɗakin girki, sannan ta miƙa wa surukarta, yanzu tana zaune a gidan 'yarta, tsallaken hanya daga ƙofar makarantar.